Soto Bai Ci Amanar Kowa Ba

Daren Lahadi, 8 ga Disamba, 2024, ina zaune a falo a gidanmu da ke Bronx a birnin New York, sai ɗana ya fito daga ɗaki da waya a hannu, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Baba, Soto ya tafi." Na ce ina? Ya ce, "Mets." Bai ƙara kalma ba ya koma ya rufe ƙofa. Da safe na tarar da rigar nan mai lamba 22, wadda ya yi watanni yana roƙona kafin na saya masa, a cikin leda a bakin ƙofa inda muke ajiye shara. Na ciro ta na ninke na sa a durowata.

Ga wanda bai san zancen ba, Juan Soto ɗan wasan besbol ne daga Jamhuriyar Dominika, kuma a lokacin yana da shekara 26. Kaka ɗaya ya yi wa New York Yankees wasa, ya doka ƙwallo ta tsallake katanga sau 41, kuma bugunsa ne a Cleveland ya kai kulob ɗin gasar ƙarshe ta World Series karon farko tun 2009. Da kwantiraginsa ya ƙare, Yankees suka taya dala miliyan 760 na shekara 16. New York Mets suka taya miliyan 765 na shekara 15. Ya sallama wa Mets. Ko garin bai bari ba, kogi kawai ya tsallaka daga Bronx zuwa Queens, kuma wannan ne ya fi yi wa mutanen unguwarmu ciwo.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko daga masallaci, wani dattijo da nake girmamawa ya tare ni. Ya daɗe yana tuƙin tasi a garin nan, kuma a rediyon mota ya koyi wasan har ya fi yawancin 'yan ƙasa saninsa. Ya ce, "Malam, ka ga rashin godiya ko? Saboda miliyan biyar! Mutumin da aka ba miliyan ɗari bakwai, me biyar za ta ƙara masa?" Na ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, amma a wannan karon ban bi bayanka ba." Mun tsaya a cikin sanyi mun fi rabin sa'a, bai gamsu ba, ni ma ban sauya ba. Abin da na kasa tsara masa a tsaye shi nake so in tsara a nan. Ina ganin ɗan wasan da ya kai lokacin cin gashin kansa babu wani ragi da kulob ke bin sa. Kulob ɗin da ke son riƙe gwaninsa yana da shekaru masu yawa na yin hakan tun iko na hannunsa, in ya yi sakaci har kaya suka shiga kasuwa, to ba shi da bakin kiran kowa maci amana.

Mu da muka taso da ƙwallon ƙafa sai mun ajiye abin da muka sani kafin mu gane tsarin besbol. A Turai yaro yana iya sa hannu na shekara uku ko huɗu, in sun ƙare ya kama gabansa, tun bayan hukuncin Bosman na 1995. A besbol na Amurka ba haka ba ne. Yaron da ya tashi a Amurka, Kanada ko Puerto Rico ba shi ke zaɓen kulob ba, kulob ne ke zaɓensa a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekara-shekara. Daga nan ya yi shekaru a ƙananan rukunai, yana yawo a bas daga wannan ƙaramin gari zuwa wancan a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. In Allah ya sa ya hau babban rukuni, sai a fara ƙirga masa shekara shida. A ukun farko galibi kulob ne ke yanka masa abin da ya ga dama, kusa da mafi ƙarancin albashi, wanda a 2024 dala 740,000 ne. A ukun baya yana iya kai ƙara gaban masu sasanci, su zaɓi adadinsa ko na kulob. A duk tsawon wannan lokaci ana iya musayarsa da wani ɗan wasa a tura shi wani gari ba tare da an nemi yardarsa ba. Sai ya cika shida cif sannan, karon farko a rayuwarsa ta aiki, zai iya zama ya saurari tayin kowa.

Ko wannan shidan ma ana yi mata ƙwange. Kwana 172 ne ke cika shekara ɗaya a lissafinsu. A 2015 Chicago Cubs suka ajiye Kris Bryant a ƙaramin rukuni na 'yan kwanaki a farkon kaka, alhali kowa ya ga ya isa, sannan suka hawo da shi. Da kaka ta ƙare yana da kwana 171. Kwana ɗaya tak ya rage, kuma saboda shi kulob ya sami ƙarin shekara guda a kansa. Ya kai ƙara, bai yi nasara ba. Ban ji an cika gidajen rediyo ana kiran Cubs maciya amana ba. An ce dabara ce ta kasuwanci.

Shi kansa wannan ɗan 'yancin ba kyauta aka ba su ba. Tun daga 1879 akwai wani sharaɗi a kwantiragi da ke ɗaure ɗan wasa ga kulob ɗinsa har ya yi ritaya, sai dai in kulob ne ya sayar da shi ko ya sallame shi. A ƙarshen 1969 St. Louis Cardinals suka yi musayar Curt Flood zuwa Philadelphia bayan ya yi musu shekara 12. Flood, baƙar fata, ya ce ba zai je ba. Ya rubuta wa kwamishinan wasan, Bowie Kuhn, cewa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar ba da son ransa ba. Ya bar albashin dala 90,000, wanda kuɗi ne masu yawa a wancan zamani, ya nufi kotu. A 1972 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansa, alƙalai biyar da uku. Wasansa ya mutu a nan, bai sake komawa yadda yake ba. Sai a Disamba 1975 wani mai sasanci, Peter Seitz, ya yanke cewa Andy Messersmith da Dave McNally sun kuɓuta tunda sun yi kaka guda ba su sa hannu a sabon kwantiragi ba. A 1976 ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Marvin Miller ta yi yarjejeniya da masu kulob a kan shekara shidan nan. Ko bayan haka masu kulob ba su haƙura ba. Daga 1985 zuwa 1987 suka haɗa baki a ɓoye cewa kada wani ya taya ɗan wasan wani, asirinsu ya tonu, a 1990 suka yarda su biya diyyar dala miliyan 280. Duk lokacin da na ji ana cewa ɗan wasa ya rage farashinsa don ƙaunar riga, Flood nake tunawa, mutumin da ya rasa sana'arsa don na baya su sami bakin cewa albarka.

Alhaji ya kawo mini misalin Aaron Judge, gwanin ɗan wasan Yankees, kamar yadda kowa a Bronx ke yi. Ya ce ga ɗan halak nan, an taya shi a wasu wurare amma ya zauna. Gaskiya ne ya zauna, ni ma ina ƙaunarsa a kan haka. Amma a duba yadda aka yi ya zauna. A 2017, cikakkiyar kakarsa ta farko, Judge ya tsallakar da ƙwallo 52 a kan albashin da bai kai dala 600,000 ba. Filin wasa ya cika saboda shi, har wani sashe na kujeru aka keɓe da sunansa, riga mai lamba 99 ta cika gari. Shekaru suka wuce ba a ɗaure shi da dogon kwantiragi ba. Sai ana gab da buɗe kakar 2022, kakarsa ta ƙarshe kafin ya kuɓuta, aka taya shi miliyan 213.5 na shekara bakwai. Ya ce albarka. Babban manajan kulob, Brian Cashman, ya fito gaban 'yan jarida ya faɗi adadin. Ni a ganina ba a yi haka don komai ba sai don jama'a su ga kamar shi ne mai haɗama. Cinikin da aka yi a ɗaki ba a fito da shi tsakar kasuwa sai in ana son a kunyata wani. A cikin kakar kuma aka ci gaba da ja-in-ja da shi a kan albashin shekarar, shi yana cewa miliyan 21, su suna cewa 17, har aka daidaita a 19.

Judge ya ɗauki kasada da jikinsa. Da gwiwarsa ta goce a watan Mayu, da wannan miliyan 213 ta bi ruwa, kuma babu mai kulob ɗin da zai ce a ba shi don ƙauna. Sai ya tsallakar da ƙwallo 62, ya karya tarihin da Roger Maris ya kafa a rukuninsu tun 1961. Ya shiga kasuwa. San Francisco Giants, kulob ɗin da ya taso yana goya wa baya a Kalifoniya, suka zo da gaske, San Diego Padres ma suka zo. A nan ne mai kulob, Hal Steinbrenner, ya ɗaga waya daga Italiya ya kira shi da kansa, ya ƙara shekara ta tara. Ciniki ya faɗa a miliyan 360, aka kuma naɗa shi kyaftin, na farko tun bayan Derek Jeter. Tsakanin tayin Afrilu da na Disamba akwai fiye da miliyan 146. Waɗannan kuɗi suna nan tun farko, ba daga sama suka faɗo ba. Abin da ya fito da su shi ne ganin wani zai ɗauke shi. Da Judge ya bi shawarar masu cewa ya yi godiya ya karɓa tun a Afrilu, da kuɗin sun zauna a aljihun mai kulob, kuma da babu ɗan kallo ɗaya da aka rage wa kuɗin tikiti.

Wannan batu na tikiti shi ne abin da na fi so mutanenmu su kula da shi. Idan ɗan wasa ya yi ragi, ba mu ake ragewa ba. A 1973 George Steinbrenner da abokansa suka sayi Yankees a kan kimanin dala miliyan 10. Yau ana kiyasta darajar kulob ɗin sama da dala biliyan 7. Steve Cohen ya sayi Mets a 2020 a kan kimanin biliyan 2.4. Ja-in-jar da ake yi tsakanin attajiri ne da ma'aikacinsa da ya yi arziki, kuma ma'aikacin nan shi ne muke biya mu kalla. Ban san dalilin da zai sa direban tasi ko mai aikin sito irina ya tsaya a bayan mai biliyan yana zagin yaron da ya fito daga Santo Domingo ba.

Soto kuwa lamarinsa ya fi na Judge sauƙin fahimta. Yana ɗan shekara 16 ya sa hannu da Washington Nationals a kan dala miliyan 1.5. Yana 19 ya hau babban rukuni, a 2019 ya taimaka musu suka ɗauki kofi. A 2022 suka taya shi miliyan 440 na shekara 15, ya ƙi, cikin 'yan makonni suka tura shi San Diego. A Disamba 2023 San Diego suka turo shi New York, aka ba su 'yan wasa biyar. Sau biyu cikin ƙasa da shekara biyu an naɗe masa tabarma ba a tambaye shi ba. Yankees sun san sarai shekara ɗaya ta rage masa lokacin da suka karɓo shi, sun kuma san wakilinsa Scott Boras ne, wanda ya yi suna wajen kai 'yan wasansa kasuwa. Aro suka yi, sun kuma mori aron. Wace amana ce aka ba shi da har zai ci? Maganar miliyan biyar ma ba haka take ba. In aka raba, tayin Mets miliyan 51 ne a shekara, na Yankees 47.5, kuma a cikin na Mets akwai miliyan 75 na ladan sa hannu da ake ba shi tun da farko. An kuma ruwaito cewa ya nemi ɗakin kallo na musamman don iyalinsa, Yankees suka ce al'adarsu ita ce ɗan wasa ya saya, Mets suka ba shi. Wani zai ce ƙaramin abu ne. Ni na san mutumin da ya ga an karrama mahaifiyarsa ba ya mantawa.

Akwai labarin da ya fi wannan taɓa ni, na Freddie Freeman. Shi ba ya son tafiya ko kaɗan. Kaka 12 ya yi wa Atlanta Braves, ya zauna da su lokacin da ba sa cin komai, ya zama gwarzon rukuninsu a 2020, suka ɗauki kofi tare a 2021. Yana da shekara 32, yana neman shekara shida, kulob ya tsaya a biyar. Ana cikin haka, a Maris 2022, Braves suka karɓo Matt Olson daga Oakland, wanda ke tsayawa a gurbinsa kuma ya fi shi ƙuruciya, suka ba shi shekara takwas. Freeman ya tafi Los Angeles Dodgers a kan miliyan 162 na shekara shida. Da ya dawo Atlanta a watan Yuni na kalle shi a talabijin, babban mutum yana kuka gaban 'yan jarida har ya kasa magana, ya fita ya dawo. Kulob ya yi lissafi ya ga shekara ta shida ba ta biya ba, ya juya. Haka Boston Red Sox, waɗanda masu su ne ke da Liverpool, suka yi da Mookie Betts a 2020: shekara biyu bayan ya zama gwarzo ya kawo musu kofi, suka tura shi Dodgers don kada su biya shi. Idan kulob ya yi lissafi ana ce masa mai hangen nesa. Ina neman a auna ɗan wasa da mudun da aka auna kulob.

Ba na musun cewa ɗaya ɓangaren yana da hujja. Dogon kwantiragi yakan zama kaya. A Disamba 2011 Albert Pujols ya bar Cardinals ya koma Los Angeles Angels a kan miliyan 240 na shekara goma, ƙafafu suka gaji, a 2021 aka sallame shi kafin wa'adi ya cika. Cardinals da suka bar shi ya tafi ba su yi nadama ba. Mets ma da Soto ba su kai wasannin neman kofi ba a 2025, duk da ya tsallakar da ƙwallo 43. Sannan ga ƙananan garuruwa irin su Pittsburgh da Cleveland da Kansas City, inda yaro zai shaƙu da ɗan wasa yana sane cewa wata rana New York ko Los Angeles za su ɗauke shi. Babu ƙayyadadden rufin albashi a besbol, wato iyakar abin da kulob zai iya biyan 'yan wasansa, haraji kawai ake ɗora wa wanda ya wuce wani adadi, miliyan 241 a 2025, kuma masu ƙarfi suna biya su wuce. Wannan ciwo ne na gaske, na gan shi a idon ɗana, shi da kulob ɗinsa ma na masu ƙarfin ne. Amma wannan matsala ce ta yadda masu kulob 30 ke raba kuɗi a tsakaninsu. Ba a warware ta da cewa Soto ya karɓi ƙasa da abin da aka taya shi.

Kuma an ga inda aka yi abin da ya dace. Kansas City, ƙaramar kasuwa, ta ba Bobby Witt Jr. shekara 11 a kan sama da miliyan 288 a Fabrairu 2024, yana ɗan shekara 23. Cleveland ta riƙe José Ramírez a 2022. Toronto ta ja ƙafa har ta kusa makara, amma a Afrilu 2025 ta ba Vladimir Guerrero Jr. miliyan 500 na shekara 14 kafin ya shiga kasuwa, kuma ba shakka da ta yi hakan shekara uku kafin nan da ba ta biya haka ba. Riƙe gwani yana nufin kulob ya ɗauki kasadar da yake so ɗan wasa ya ɗauka: ya biya tun bai zama dole ba, tun ana iya yin asara.

Sai dai ko wannan hanya tana da inda take damuna. A 2019 Atlanta ta ba Ozzie Albies miliyan 35 na shekara bakwai, ta ba Ronald Acuña Jr. miliyan 100 na shekara takwas. Dukansu yara ne daga yankin Karibiyan da Kudancin Amurka, ɗaya daga Curaçao ɗaya daga Venezuela. Mu mun san halin yaron da dangi gaba ɗaya suka zuba wa ido, in aka ajiye masa kuɗi a gaba yau, da wuya ya ce zai jira shekara biyar. Kulob ya san haka, da saninsa yake taya. Don haka ba kowane sa hannu da wuri nake yaba wa ba. Wanda nake yaba wa shi ne wanda aka biya yaro kusa da darajarsa, ba wanda aka yi amfani da tsoron talaucinsa aka saye ƙuruciyarsa da araha ba.

Yarjejeniyar da ke tsakanin masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa za ta ƙare ranar 1 ga Disamba, 2026, kuma masu kulob sun daɗe suna son a sa rufin albashi, abin da ya jawo yajin aikin 1994 har aka fasa World Series. Ni abin da nake so a taɓa shi ne shekara shidan nan. A rage ta, a ƙara albashin shekarun farko, a kuma tilasta wa kulob ɗin da ke karɓar kaso daga manya ya kashe shi a kan 'yan wasa. In aka biya yaro daidai yana ɗan shekara 24, ba zai kai 30 yana neman ya fanshe duka a ciniki ɗaya ba.

A watan Mayu 2025 Soto ya dawo filin Yankees cikin rigar Mets. Mun kalla a gida ni da ɗana. Da aka kira sunansa filin ya ɗauki ihu, shi kuma ya cire hular ƙarfensa ya ɗaga wa jama'a. Da ya je gurbinsa a bayan fili, 'yan kallon da ke kujerun wajen suka juya masa baya. Ɗana bai yi ihu ba, bai kuma yi tafi ba. Can ya ce, "Baba, da kai ne za ka tafi?" Na ce masa lokacin da aka ƙara mini dala biyu a sa'a na bar siton da na fara aiki, kuma har yau ina gaisawa da mutanen can. Ya yi shiru yana kallon allo. Bayan an tashi ya tambaye ni ko rigar tana nan, na ce tana durowa ta biyu.